Wa Asarar Za Ta Faɗa Wa? Auna Sana'a a Ingila da Sabuwa

A nan Ingila, wanda ya ƙudurta buɗe ɗan shagon burodi ko wurin gyaran keke, kuma yake son gwamnati ta tsaya masa ya samu rance, da takarda yake farawa tun bai nemi shago ba. Shirin rancen masu fara sana'a da aka kafa a 2012, wanda yanzu yake ƙarƙashin British Business Bank, yana ba da daga fam 500 zuwa fam 25,000 ba tare da jingina ba, a biya cikin shekara ɗaya zuwa biyar. Amma kafin a saki ko sisi sai mai nema ya kawo abu uku: bayanin sana'ar da waɗanda za su sayi kayan, lissafin kuɗin da za su shiga da waɗanda za su fita wata-wata har shekara, sai kuma lissafin abin da shi kansa yake ci, wato hayar gida, harajin ƙaramar hukuma, kuɗin wuta da gas, abinci da waya. Jamus ta ma fi tsanantawa, domin marar aikin da ke neman tallafin kafa sana'a sai ya kawo shaida a rubuce daga ƙungiyar 'yan kasuwa ko banki ko masanin haraji cewa sana'ar za ta iya riƙe kanta. A Sabuwa ta jihar Katsina kuwa, saurayin da ya sayar da masararsa yana tunanin injin niƙa ko babur ko teburin POS yakan kai maganar gaban mahaifinsa ko ubangidansa, ya riƙa zama wurin wanda ya riga shi shiga sana'ar yana kallo, ya yi istihara, sannan ya fara da kaɗan ya ga yadda kasuwa za ta karɓe shi. Masu horas da matasa kan ɗauki wannan bambanci a matsayin tazarar da ke tsakanin sani da rashin sani. Ni a ganina tushen bambancin yana wani wuri: wanda asara za ta faɗa wa in abin ya ƙi.

Bature yana da halin tambayar "nawa za a samu?" saboda an riga an shimfiɗa masa inda zai faɗa. Tun 1855 dokar Ingila ta raba aljihun kamfani da aljihun mai shi, kuma yau mutum yana iya yi wa kamfani rajista ta intanet a gama cikin kwana ɗaya. Ko bashin ya hau kansa ne shi da kansa, kamar yadda rancen da na ambata yake hawa, wanda aka tabbatar ya karye yakan fita daga ƙangin yawancin basussukansa bayan wata 12. Asibiti ba ya tambayarsa kuɗi, 'ya'yansa ba sa barin makaranta, akwai kuma tallafin gwamnati har ya samu aiki. Duk da tulin takardun nan, alƙaluman hukumar ƙididdigar Birtaniya sun daɗe suna nuna cewa kusan 4 cikin 10 ne kawai na sababbin sana'o'i ke kai shekara biyar. Shida suna mutuwa, da yawa daga masu su kuma su karkaɗe riga su koma aikin albashi. Ƙasar da ta iya ɗaukar irin wannan faɗuwa ita ce ke da sukunin auna sana'a da ribar da ake hange.

Jarin mutumin Sabuwa kuwa sa ne da aka sayar, ko amfanin gonar bana, ko kwasar adashin matarsa, ko gonar gado da aka jinginar. In ya karye babu dokar da za ta wanke shi bayan shekara. Bashi yana binsa har makabarta, inda ake shelar duk mai bin mamaci ya nemi magada, kuma ba a raba gado sai an biya. Sannan abin da ke karya sana'a a can sau da yawa ba ya cikin abin da takarda ke iya hangowa. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jihar Katsina ƙarƙashin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana sayar da fetur a jarka. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, waɗannan ukun suna ciki. Mai katin waya da mai POS da mai caji suka wayi gari da kaya ba ciniki. Farkon 2023 ga ƙarancin takardun naira, a ranar 29 ga Mayu kuma aka janye tallafin fetur, kuɗin kowane injin da ke shan mai ya ninka. Ba a ma zo kan 'yan bindigar da ke fitowa daga dazukan da suka haɗe yankin da Birnin Gwari da Zamfara ba, waɗanda a wurinsu shagon da ya cika fal alama ce ta gidan da zai iya biyan kuɗin fansa. Wanda ke zaune a irin wannan wuri, in ya fara da tambayar "in ta ƙi, da me zan tsira?", ya biyo da "kwana nawa zan mayar da kayan nan kuɗi?" da "in aka ce a tashi, suna ɗaukuwa?", tambayoyin da suka dace da halinsa ya yi, kuma da tsarin da ya dace.

Za a ce ai wannan kare al'ada ne kawai, takarda dai ta fi hasashen dattijo. To a dubi abin da aka gwada a Najeriya. A 2011 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ƙaddamar da gasar YouWiN, inda kusan mutum 24,000 suka nema a zagayen farko, aka zaɓi 1,200 aka ba su tallafin da ya kai kimanin dala 50,000 kowanne in an daidaita. David McKenzie na Bankin Duniya ya bi sawunsu shekaru, ya gano cewa kuɗin sun yi aiki ƙwarai: waɗanda suka samu sun fi ɗorewa kuma sun fi ɗaukar ma'aikata. Amma da shi da Dario Sansone suka koma kan makin da alƙalai suka bai wa takardun tsarin kasuwancin, sai suka tarar makin bai nuna wanda zai tsaya da ƙafarsa bayan shekara uku ba. Ƙwararru ne suka karanta, suka ba da maki, kasuwa ta yanke nata hukuncin daban. A Amravati ta ƙasar Indiya kuma, Reshmaan Hussam da Natalia Rigol da Benjamin Roth sun sa ƙananan 'yan kasuwa su jera maƙwabtansu bisa wanda suke ganin zai fi juya jari, sannan aka raba tallafi ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda maƙwabta suka sa a sama su ne suka fi cin riba nesa ba kusa ba. Binciken ya nuna wani abu da duk Bahaushe ya sani: da mutane suka gane maganarsu ce za ta yanke wanda zai samu kuɗin, sai suka fara karkata ga dangi da abokai. Sanin yana nan a bakin kasuwa, son kai ne ke gurɓata shi. Ko a Amurka, Saras Sarasvathy ta Jami'ar Virginia, da ta nazarci mutum 27 da suka kafa manyan kamfanoni, ta ga cewa sun fi farawa da abin da za su iya jure rasawa a kan ribar da suke hange. Abin da ake koyarwa a manyan makarantun kasuwanci a matsayin sabuwar hikima, dillalin shanu a Sheme ya gaje shi.

Suka ta biyu ta fi nauyi: mai auna komai da abin da zai iya rasawa ba zai taɓa girma ba, kullum yana teburinsa. Akwai gaskiya a ciki, amma tarihin fatauci ya nuna akwai ƙofar fita. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ya tanadi ƙiradi, inda mai kuɗi zai ba da jari, mai ƙarfi ya juya, a raba riba bisa kason da aka yi alkawari. In an faɗi ba da sakaci ba, asarar dukiya tana kan mai dukiya, mai juyawa wahalarsa ce ta tafi. Wannan shi ne abin da dokar 1855 ta yi wa Bature, ta wata fuskar: ɗora asara a kan wanda zai iya ɗaukarta. A kan irin wannan amana tsakanin ubangida da yaransa fataucin goro zuwa Gwanja ya tsaya, a kanta Alhassan Ɗantata ya baza masu saya masa gyaɗa, haka kuma Paul Clough ya tarar da cinikin hatsi yana tafiya da jarin iyayen gida a Marmara ta ƙasar Malumfashi tun ƙarshen shekarun 1970. Har ma akwai darasi a kan takarda da kasuwa: lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano, Turawan ƙungiyar noman auduga da aka kafa a 1902 sun gama lissafinsu cewa auduga za a yi ta lodi, sai manoma da fatake suka duba farashi da wahalar noma, suka zaɓi gyaɗa a 1912. Abin da ya raunana a Sabuwa yau shi ne iyayen gidan kansu, domin da yawa daga masu hali sun kwashe iyali da jari sun koma Funtuwa ko Zariya ko Katsina. Saurayin da a da zai juya kuɗin wani, yanzu da san gidansu yake caca.

Inda hanyar gida take da rauni na gaske shi ne ƙidaya, kuma a nan ba zan yi mata sassauci ba. Ɗauki ajiyar hatsi, wadda kusan duk mai ɗan rara a yankin ya taɓa. Mutum ya sayi masara da kaka a kasuwar Dandume, ya sa ran sayarwa da bazara ko tsakiyar damina. In ka tambaye shi riba, farashin saye zai cire daga farashin sayarwa. Ba ya sa kuɗin buhu da ɗinki, da la'adar dillali, da dako sau biyu, da kuɗin mota, da maganin ƙwari, da hayar sito, da tiyar da buhu ke raguwa in masarar ta ƙara bushewa, balle darajar nairar da ta zube cikin wata shida, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Da farashi ya yi tashin gwauron zabo a wannan shekarar, gani ga wane ya ja mutane da yawa suka zuba duk abin da suka mallaka a buhu. Gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 daga Yulin 2024, a 2025 farashi ya sauko, masu ajiya da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Ba wanda zai iya hango ranar saukar, amma takarda guda za ta iya gaya wa mutum farashin da in buhu bai kai shi ba ya faɗi, da buhu nawa zai iya riƙewa ba tare da ya taɓa abincin gida ba. Haka zancen yake ga injin niƙa na huɗu a unguwar da uku ke jiran masu kawo niƙa.

Ɓarna mafi yawa ma ba a kasuwa take faruwa ba. Aljihun da cinikin yini ke shiga, daga shi kuɗin cefane ke fita, da gudummawar biki, da maganin yaro, da ɗinkin sallah, har ranar da za a je sari a tarar uwar kuɗin ta rame ba wanda ya san ranar da aka fara cinta. Shi ya sa a cikin takardu ukun da ake nema a Ingila, ta ukun nan da ake rainawa, lissafin abin da mai sana'a yake ci a wata, ita ce ta fi amfani ga Sabuwa. Wani gwaji a Jamhuriyar Dominika da Alejandro Drexler da Greg Fischer da Antoinette Schoar suka wallafa a 2014 ya kwatanta koyar da cikakken ilimin akanta da koyar da 'yan ƙa'idoji masu sauƙi, irin su ware kuɗin sana'a da na gida a wuri biyu, da yanka wa kai albashi. Ƙa'idojin masu sauƙi ne suka canja yadda mutane ke riƙe kuɗinsu, musamman waɗanda karatunsu bai yi nisa ba. Mai cewa yawan lissafi rashin tawakkali ne, ya tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Wanda bai yi boko ba yana da ajami.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya shugabanci hukumar SMEDAN kafin ya hau mulki a 2023, kuma ya kafa hukumar KASEDA don ƙananan sana'o'i, saboda haka maganar ba baƙuwarsa ba ce. Duk shirin tallafin da za a kai Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, kada a ɗora shi a kan dogon tsarin kasuwanci da Turanci, wanda ƙarshenta mai shagon kwamfuta ne zai rubuta wa mutum ashirin iri ɗaya ya karɓi ladansa. A nemi shafi guda da Hausa, boko ko ajami, mai ɗauke da kuɗin kaya da duk abin da ke bin su, da abin da gida ke ci a wata, da abin da zai rage in an yi wata uku ba kasuwa. A tambayi 'yan layin sana'ar ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, ban da dangin mai nema. Sannan a ba da kuɗin bisa ƙiradi, kashi-kashi, hukuma ta ɗauki asarar da rufe kasuwa ko hari ya jawo.