Kwana Ashirin da Takwas

A garin Bauchi, duk wanda ya shiga karatun digiri na biyu ko na uku a fannin kimiyya ko aikin injiniya, akwai tambayar da ba ta barinsa ya sha ruwa a gidan biki ko wurin suna: “Wai har yanzu ba ku gama ba?” Mukan yi murmushi mu ce saura ƙiris. Masu tambayar ba su da laifi, domin a saninsu karatu shi ne a zauna a aji, a haddace, a rubuta jarrabawa, a karɓi takarda. Namu karatun kuwa tun shekarar farko yake barin aji ya koma ɗakin gwaje-gwaje, inda abin da ake gwadawa ne ke da ta cewa, shi kuwa bai san gaggawa ba.

Irin wannan karatu ya daɗe da samun gindin zama a garin nan. A shekarar 1980 aka kafa Jami’ar Fasaha ta Tarayya a Bauchi, a 1984 aka haɗe ta da Jami’ar Ahmadu Bello ta Zariya, sannan a 1988 ta sake cin gashin kanta da sunan Jami’ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Tun daga nan tsakanin Yalwa da Gubi ba a rasa irinmu. Wani yana jiƙa ganyen sabara ya ga ko ruwansa zai hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a ’yan faranta. Wani ya yanka gona ƙananan fegi-fegi yana gwada taki. Wani ya ƙera akwatin busar da tumatir da zafin rana, wani kuma yana nazarin duwatsun yankin Kolmani, inda aka sanar da gano man fetur a 2019. Mu namu rabon ya faɗa kan kankare da tokar ɓuntun shinkafa, don haka da ita za mu ba da misali.

Dalilin binciken a bayyane yake. Siminti yana da tsada, kuma masana’antunsa ne ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar da ɗan Adam ke sakewa mai ɗumama duniya. A ɗaya gefen, duk inda injin casar shinkafa yake, akwai tsibin ɓuntu a bayansa yana cin wuta a banza. Ɓuntu shi ne wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafar da ba a casa ba, tokarsa kuma cike take da silika, wato sinadarin da yashi ya ƙunsa. Idan siminti ya sha ruwa yakan saki wani sinadari wanda ba ya ƙara wa gini wani ƙarfin a zo a gani. Silikar toka ce ke haɗuwa da shi ta mai da shi ƙarin abin ɗaure yashi da tsakuwa. Rumawa sun yi amfani da wannan hikima da tokar dutse mai aman wuta, ga gine-ginensu nan tsaye a Italiya bayan kusan shekara 2,000. Tambayarmu ita ce, toka nawa za a zuba a madadin siminti ba tare da an cuci ginin ba?

Tambayar gajeriya ce, amma amsarta sai da gumi. Da farko a ƙona ɓuntun a tanderu a kan zafin da bai wuce digiri 700 ba, domin idan wuta ta yi yawa silikar takan daskare ta ƙi aiki. A niƙa tokar, a tankaɗe. Sai a yi kwaɓi iri biyar: na farko siminti zalla, shi ne ma’aunin da za a gwada sauran da shi, sauran huɗun kuma a maye kashi 5, da 10, da 15, da 20 cikin 100 na simintin da toka. Yashi ɗaya, tsakuwa ɗaya, ruwa daidai wa daida, domin idan aka sauya abu biyu a lokaci guda ba za a san wanda ya jawo bambanci ba. A zuba kowane kwaɓi a akwatunan ƙarfe masu faɗin milimita 150 ta kowace fuska, a daddale, washegari a kwance a tsoma curin a kwamin ruwa. Kowane kwaɓi curi uku za a fasa a rana ta 7, uku a ta 14, uku a ta 28. Curi 45 ke nan, kowanne kilo takwas, kuma hannunmu ne ke ɗaukarsu.

Daga nan sai jira. Kankare ba ya jin lallashi, kuma bai san kuɗin makaranta na ƙaruwa ko wa’adin miƙa kundi ya matso ba. A rana ta 7 curin da ke da toka kan kasance a baya, domin aikin silika a hankali yake tafiya. Mai gajen haƙuri a nan zai yanke wa toka hukunci ya ce ba ta da amfani, alhali tana nan tana bin sawu, wani lokaci ma sai bayan kwana 28 take nuna halinta. A nan muka fahimci abin da magabata ke nufi da mai haƙuri shi kan dafa dutse. Mu dai a zahiri dutse muke dafawa, a cikin ruwan sanyi.

Ranar fasawa ita ce ranar hisabi. A ɗora curi a injin matsa, faifan ƙarfe ya sauko a kansa, allura tana hawa, har a ji ƙas, gefensa ya zube. Lambar da allura ta tsaya a kai ita ce gaskiyar wannan curi. Sau da yawa biyu kan yi kusa da juna, na ukun ya faɗi ƙasa warwas ya ɓata layin da ake fatan zanawa. Ba mai gani sai Allah, alƙalami kuma yana hannunka. Duk mai aikin gwaji a ko’ina a duniya ya san wannan ɗan lokaci, da raɗar da zuciya ke yi a cikinsa: ɗan ƙara mata mana, wa zai sani? Dattawan ɗakin gwaji, waɗanda muke kira Baba, sun fi kowa sanin wannan raɗa, shi ya sa da sun ga alƙalami ya tsaya sukan ce, “Ɗana, rubuta abin da allura ta nuna, sannan ka nemi dalili.” Dalilin kuwa yakan samu. A duba fasasshen curin a tarar da kogon iska a cikinsa saboda ba a daddale shi sosai ba, ko tsakuwa ta taru a gefe guda. Idan an gano a rubuta, idan ba a gano ba a rubuta haka nan, in ta kama a sake kwaɓi a sake ƙirga kwana 28 daga farko.

Me ya sa muke ɗaukar ’yar lamba da nauyi haka? Maginan ƙasar Hausa ma ai masu gwaji ne. Su suka gano cewa makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, tana hana ruwa cin bango, su kuma suka haɗa katsin marina da gashin jima da dafara suka sami laso. Ginin Babban Gwani da ke Kafin Madaki shaida ne a kan iliminsu. Amma injin gwajinsu damina ce, sakamakonsu kuma daga uba zuwa ɗa yake tafiya, magini yana zaune a gari ɗaya da waɗanda ya yi wa gini, idan soro ya zuba an san ƙofar gidansa. Mu kuwa mun taƙaita shekaru zuwa makonni huɗu, mun mai da sani ya zama lamba a takarda, takardar kuma tana zuwa hannun wanda bai taɓa ganinmu ba. Wani ɗalibi zai ɗora bincikensa a kanta, wani injiniya ya dogara da ita, daga ƙarshe wata uwa ta shimfiɗa wa ’ya’yanta tabarma a ƙarƙashin dakalin da aka zuba bisa lissafinmu. A watan Yuli na 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos, nan maƙwabtanmu, mutum 22 suka rasu, galibinsu yara ’yan makaranta. Wanda ya ji wannan labari ya san cewa ƙarfin kankare magana ce ta rai, lambar da ke faɗarsa kuma amana ce.

Saboda haka ne ba ma ɗaukar sakamakon da ya saɓa wa fatanmu a matsayin hasara. Idan gwaji ya nuna cewa toka kaza ta raunana kankare, wanda ya rubuta haka ya kafa alama a bakin rami, kuma ya yi wa jama’a aiki daidai da wanda gwajinsa ya zo da albishir.

Saura abu guda, shi ne ya sa muka kawo wannan zance cikin mujallar masu nazarin Hausa. Kundayenmu da Ingilishi ake rubuta su, mai buga bulo a Wunti da birkila a Fadamar Mada kuwa da Hausa suke aiki. Amanar da aka tsare kwana 28 ba ta cika ba sai ta isa ga mai ita cikin harshen da yake ji. Mu mun iya awo, ku kun san kalma da inda take sauka; idan muka haɗa hannu, abin da allura ta nuna zai kai bakin ramin kwaɓi. Allah ya ba mu haƙurin jira da ikon faɗin gaskiya, amin.