Tsohuwar bashe a tsakar gidanmu

Ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce, kuma hanyar da ta tashi daga Madawa ta bi Buza ta haura Keita zuwa Tawa ta san yadda take cin mota. Da zarar ka bar babbar hanya ka nufi ƙauye, sai tsakuwa da gargada da koramun da ke cika cikin dare ɗaya in damina ta kankama. A irin wannan ƙasa nake neman abincina da wata tsohuwar Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, wadda mu nan muke kira bashe, mutanen Najeriya kuma a-kori-kura. Irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna ce, inda masana'antar Peugeot ta fara aiki a 1975. Gadonta na yi daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa.

Ba zan ɓoye ba, da farko kunyarta nake ji. Sa'o'ina na shiga Hilux, ni kuwa sai an tura ni da safe. Talauci ne ya zaunar da ni gabanta da sifana a hannu, don abin da nake samu a jigilar albasa daga fadamar Tarka bai isa in riƙa kai ta garaji duk mako ba. Ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi tuƙi zamanin aikin raya karkara na Keita da aka soma a 1984 da kuɗin Italiya, shi ya zama malamina. Yakan shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bedi, bai taɓa karɓar sifanar daga hannuna ba, baki kawai yake sa mini.

Abu na farko da ya hana ni shi ne gaggawa. Kafin in kwance komai sai na share ƙasa, na shimfiɗa buhu, na jera kowane noti bi da bi yadda ya fito. Ranar da na buɗe kafireta, na ga wani jan laka ya kwanta a gindin kwanonta kamar dusar gero, a nan na gane abin da man kwalba na bakin hanya ke shigo da shi. Tun daga lokacin nake tace mai da ƙyalle, na kuma ƙara matatar mai ta biyu a kan tiyo kafin famfo. Gyara ne mai araha, kuma shi ya raba ni da mutuwar mota a tsakiyar hawa. Ruwan lagireto ma haka. Ruwan rijiya yana barin farin ɓawo da ke toshe ƙananan hanyoyin cikinta, shi ya sa nake tara ruwan sama a jarka saboda mota kaɗai. Maƙwabta sun yi ta mamaki, amma allurar zafi ta daina tashi a hawan Keita.

Kayan gyara daga Sakkwato suke zuwa mana ta Illela da Ƙonni, wasu daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, komai ya yi wuya ya yi tsada, sai ga shi abin da Kawu ya koya mini na ajiye tsohon ƙarfe ya yi rana.

Amma maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce ta safirin. Kusan duk mai bashe a yankinmu yana ƙara wa safirin baya ganye, kuma akwai dalili: hanya ba ta da kyau, ƙarfen ya gaji, mota kan zauna da kaya kaɗan. Ni ma na ƙara ganye biyu kowane gefe, na sake dogayen ƙusoshin da ke ɗaure su da gatari, na sa aka yi mini waldar ƙarafa a gefen bodi. Da na sauke ta daga kan jak na ga bayanta ya ɗaga, sai zuciyata ta fara lissafin buhuna. Na ce, "Kawu, yanzu ai za ta ɗauki ashirin." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya nuna mini gangar birkin baya da sandarsa. "Ɗana, wannan ka ƙara masa ganye nawa?"

Ban sami amsa ba. An ƙera motar don kayan da bai wuce tan ɗaya da ɗoriya ba, buhun albasarmu kuwa yakan haura kilo 100, wato buhu goma sun kusa cika mata ciki. Ganyen da ka ƙara yana hana ta zama ƙasa ne kurum. Birki yana nan yadda yake, gatari da boris da taya ma haka. A doguwar gangara, in nauyi ya yi yawa, birki kan ɗau zafi har ka taka ka ji bai kama ba. Kayan da aka tula sama da ƙarafan gefe kuma suna ɗaga nauyin mota zuwa sama, kwana ɗaya mai kaifi ya isa ya kifar da ita. Waɗanda ke zaune bisa buhunan nan fa mata ne masu zuwa kasuwar Tunfafi da goyo a baya, da tsofaffi, da ƴan makaranta.

Na tsaya a buhu goma, kuma abin yana ci mini rai har yau. Akwai dillalan da suka daina kirana saboda wani zai kwashe musu kaya a sawu ɗaya. Akwai ranar kasuwar da nake komawa gida ina ƙirga abin da ya wuce ni, ga iyali, ga man fetur da ya yi tsada tun da Najeriya ta janye tallafi a 2023. Wani lokaci ina kallon motar abokin sana'a ta wuce a tule, sai in ji hassada ta taso mini, in yi ta istigfari. Ban fi su tsoron Allah ba, na dai sami wanda ya nuna mini gangar birki tun kafin gangara ta nuna mini.

Abin da na ƙara wa motar daga baya duk na tsayawa ne da gani: sababbin takalman birki, sabon tiyon man birki a madadin wanda ya tsattsage, fitilu masu haske, da taya ta biyu ta ajiya. Fenti har yanzu ban yi mata ba.

Ƴan'uwana masu bashe na Madawa da Buza da Keita, in kun kwanta ƙarƙashin mota za ku ƙara ganye, don Allah ku cire gangar baya ku duba takalman birki a wannan zaman, kafin ranar kasuwa ta zagayo.