HARSHEN KWAƊO DA HARSHEN ƊAN ADAM

Yawancinmu ba mu ɗauki kwaɗo a bakin kome ba. In damina ta sauka mu yi ta tsaki don kukansa ya hana mu barci, yara kuma su bi shi da jifa. Amma tun da muka fara nazarinsa a darasin ilmin halittu, na ga ashe yana da abin da zai koya mana.

Da farko dai, kayan cikinmu sun yi kama ƙwarai. Yana da huhu biyu, da hanta, da ƙoda, da hanji, kamar mu. Sai dai zuciyarsa ɗaki 3 gare ta, tamu kuwa 4. Mu ƙirji muke buɗewa mu shaƙi iska, shi kuwa da maƙogwaro yake tura ta cikin huhu, shi ya sa kullum za ka ga wuyansa na motsi. Har ila yau yana numfashi ta fata, ta nan kuma yake tsotsar ruwa, ba ya sha da baki.

Babban abin mamaki shi ne harshe. Namu gindinsa na can wajen maƙogwaro, tsininsa na gaba. Na yawancin kwaɗi kuwa a gaban muƙamuƙin ƙasa yake manne, tsinin ya kwanta yana duban ciki. In ƙwaro ya gifta, sai ya wurgo harshen waje kamar bulala, ya manne shi, ya komo da shi. Duk wannan bai kai kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa ba, watau ya fi ƙiftawar ido sauri. Na sha tsugunawa gindin fitilar ɗakin kwananmu daren da shinge suka fito, ina kallo. Ban taɓa ganin harshen sosai ba, sai dai in ga shinge ya ɓace.

A 2017 masana na wata jami'ar fasaha a jihar Jojiya ta Amurka sun bayyana asirin. Harshen kwaɗo ya fi namu laushi wajen sau 10. Miyaunsa kuma, in ya bugi ƙwaro sai ya tsinke kamar ruwa ya shiga kowane lungu na jikinsa, in zai komo sai ya yi kauri ya riƙe gam. Wajen haɗiya kuwa, idanunsa ne ke nutsewa ciki su taimaka wajen tura abincin.

To, namu fa? Ba ya kama ko da sauro. Amma tsokoki 8 ne suka haɗu a cikinsa, shi ke juya tuwo, shi ke jin ɗanɗano, shi ke taɓa hanƙa da ganɗa har harufa su fito. Mai karatu, gwada faɗin "Dala" ba tare da motsa harshe ba, ka ji.

A nan ne bambancin da ya fi damuna yake. Kwaɗo kan jefa harshe ya komo masa da abinci. Mu harshenmu na zaune a baki, amma abin da ya jefa ba ya komowa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Akwai wani yaro a ajinmu mai in'ina, wanda aka laƙaba wa sunan tsiya tun muna aji ɗaya. Yana da ƙoƙari, amma yau ko ya san amsa ba ya ɗaga hannu. Ba wanda ya taɓa dukansa, harshe ne kawai ya yi masa wannan aiki.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, mu lura da abin da muke jifan juna da shi. Iyayenmu kuma, kalma ɗaya ta yabo ko ta zagi takan zauna a zuciyar yaro shekara da shekaru. Kwaɗo ba ya fid da harshensa sai ya ga abin da zai amfane shi. Allah Ya ba mu ikon riƙe namu, amin.