Phnom Penh: Birnin Da Yara Ke Neman Yaya

Baƙon da ya sauka a Phnom Penh, babban birnin ƙasar Kambodiya, in ya tsaya da maraice a bakin gāɓa inda kogin Tonle Sap ke haɗuwa da Mekong, zai ga samari da 'yan mata bisa babura ba iyaka, amma sai ya daɗe kafin ya hangi furfura. Ƙidayar da aka yi a shekarar 2019 ta nuna waɗanda suka kai shekara 60 ba su cika ɗaya bisa goma na mutanen ƙasar ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ran 17 ga Afrilu, 1975, mayaƙan Khmer Rouge na Pol Pot suka shiga birnin, suka kore mutanensa zuwa karkara. Kafin sojojin Biyetnam su tumɓuke su a Janairun 1979, kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na jama'a sun halaka, ko ta takobi ko yunwa ko cuta. Malaman makaranta da likitoci da limaman Buddha su aka fi hara. An raba 'ya'ya da iyayensu, aka ce Angkar, watau ƙungiyar juyin, ita ce uwa ita ce uba. Makarantar sakandare ta Tuol Sleng, wadda yau masu yawon buɗe ido ke ziyarta, kurkukun azaba aka mai da ita.

A harshen Khmer ba a faye kiran na gaba da sunansa tsura ba. Sai a ce "bong", watau yaya, shi kuma ya ce "oun", ƙane ko ƙanwa. Abin takaici, shi kansa Pol Pot "Yaya Na Ɗaya" ake masa laƙabi. Yaran da suka tashi a wancan zamani su ne iyaye da kakanni a yau, da yawansu kuwa ba su ga yadda uba ke riƙon gida ba. Daga baya cutar ƙanjamau ta zo a shekarun 1990 ta ƙara yawan marayu, sannan ci-rani zuwa Tailan ya kwashe iyaye masu yawa daga ƙauyuka.

Kiristoci 'yan tsiraru ne ƙwarai a wannan ƙasa ta mabiya Buddha, su ma kuma sun rasa manyansu. An rushe babbar majami'ar Katolika ta birnin, Bishop Joseph Chhmar Salas, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan muƙami, ya rasu a 1977, sai a 1990 gwamnati ta sake ba su iznin yin sujada a fili. A unguwannin talakawan Phnom Penh ne aka fara wani tsari da yanzu ake kira Alongsiders. Saurayi ko budurwa daga ikilisiya zai zaɓi yaro guda daga unguwarsu, ya zama yayansa: ya riƙa ziyartarsa, ya duba karatunsa, su yi addu'a tare. Yaron kuwa yana nan a gidan kakarsa ko gwaggonsa, ba a ɗauke shi ba.

Nan ne, a ganina, hikimar abin take. Gidajen marayu sun yi yawa a Kambodiya, musamman a Siem Reap kusa da Angkor Wat, bincike kuma ya nuna mafi yawan yaran da ke cikinsu suna da uwa ko uba a raye; talauci ne ya kai su, kuɗin baƙi kuma ya riƙe su. Yayan unguwa ba ya komawa Turai bayan mako biyu.

Amma fa akwai abin lura. Yawancin waɗannan yara daga gidajen mabiya Buddha suke, kuma tun fil azal gidan ibada, wat, shi ke riƙon ɗan talaka ya ilmantar da shi. Kakar da ta yarda ɗan coci ya riƙa zuwa wurin jikanta tana da haƙƙin sanin abin da ake koya masa, da kuma ko ziyarar za ta ci gaba in yaron ya ƙi barin addinin gidansu.