Wa Zai Karɓi Mai Jinya?

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu kuwa namu yoyon yana gidan yayarmu ne a nan Gangara, ƙasar Jibiya, kuma shekara goma sha huɗu muna ganinsa ba mu san yoyo ne ba.

Ɗanta na ƙarshe shawara ta kama shi a makon da aka haife shi. Aka yi ta jiƙe-jiƙe ana shanya shi a hantsi, kafin a kai asibiti ciwon ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa. Yau ga shi saurayi, amma ba ya zama da kansa, ba ya kai loma baka, ba ya magana sai da ido. Ita ke ɗaga shi, ita ke yi masa wanka, ita ke juya shi cikin dare don kada kwanciya ta yi masa gyambo. Mu dangi namu shi ne mu leƙa ranar Juma'a mu ce, "Sannu da ƙoƙari, Yaya," mu ajiye abin da ya sawwaƙa, mu koma gida muna ganin mun sauke nauyin zumunci.

Ana nan sai likita a Katsina ya ce tana da ƙari a mahaifa, dole a yi mata aiki, ta kuma kwanta kamar mako biyu. Shekara biyu cur tana ɗaga ranar. Muka ɗauka tsoron wuƙa ne, har muna yi mata faɗa. Ran da jiri ya kayar da ita a bakin murhu ne ta dube mu ta ce, "Malam, kuɗin aiki kuka yi ta lissafi. In na kwanta, wa zan bar wa yaron nan?"

Wallahi ba mu da amsa. A da can da kaka da gwaggo da matan 'yan'uwa duk a gida ɗaya, irin wannan tambaya ba ta ma tasowa. Yanzu fa? 'Yan bindiga sun warwatsa ƙauyukanmu, wasu dangin suna cikin Jibiya, wasu sun tsallaka ƙasar Maraɗi. Mijinta ɗan kasuwar iyaka ne, tun rufe iyakar da aka yi a watan Agustan 2019 jarinsa ya karye, bai gama farfaɗowa ba aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. In ya zauna jinya, gidan ba zai ci ba. Mu kuma da allo da alli muke wuni.

Muka shiga tambaya ko akwai inda ake karɓar irin wannan yaro na 'yan kwanaki. Akwai makarantar makafi a Katsina, akwai ta kurame a Malumfashi, amma waɗannan wuraren karatu ne, ba masaukin mai jinya ba. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019 ta yi maganar ilimi da lafiya da aikin yi da gyaran gine-gine, har aka kafa hukumar ƙasa ta nakasassu a 2020. Madalla da wannan. Sai dai mun neme ta ranar da muke buƙata, ba ta iso tsakar gidan yayarmu ba.

A wasu ƙasashe an daɗe da gane cewa mai jinya ma jiki ne da jini. A Ostareliya, shirin inshorar nakasassu da aka fara a 2013 yakan biya wa mutum kuɗin masauki da kulawa har na kwana 28 a shekara, domin iyalinsa su sarara. A Ingila kuwa, dokar kulawa ta 2014 ta wajabta wa ƙananan hukumomi su duba bukatar shi kansa mai kulawar. Ba mun kawo wannan don mu ce komai nasu ya fi namu ba ne. Abin lura shi ne, sun ba wa matsalar suna, suka ware mata kuɗi. Mu kuwa mun kira ta haƙuri, muka bar wa mace ɗaya.

Yadda muka fita, mai karatu, ba wata dabara ce mai girma ba. Mu takwas ne a adashin malaman makarantarmu. Abokan aiki suka yarda aka ba mu ɗaukar wannan wata ko da ba layinmu ba ne. Akwai wata dattijuwa a unguwar, mijinta ya rasu, tana da ɗaki a buɗe, ta kuma taɓa jinyar mahaifiyarta shekaru. Muka shirya da ita a kan lada da abinci da sabulu na kwana goma sha biyu, ɗalibanmu biyu da suka gama makaranta suka karɓi ɗagawa da wanka, safe da yamma.

Ba za mu ɓoye kuskurenmu ba. Ranar tafiya muka kai shi, bai taɓa ganin ɗakin ba. Kwana biyu ya ƙi buɗe baki ga kunu, sai da muka ɗauko zanen uwarsa aka shimfiɗa masa, aka kuma gano cewa ta ɓangaren hagu ake ba shi abinci. Da mun yi tunani, da tun mako guda kafin nan muna kai shi yana wuni, da kuma mun zauna da Yaya mun rubuta duk abin da ta sani a takarda. Ilimin shekara goma sha huɗu ne a kanta, babu wanda ya taɓa tambayarta.

Aka yi aiki lafiya. Da muka je dubiya muka tambaye ta jiki, sai ta yi murmushi ta ce, "Malam, ka san tun da na haifi yaron nan ban taɓa yin barci daga isha'i har asuba ba sai a kan gadon nan?" Muka sunkuyar da kai. Ashe sai an yanka mace kafin ta samu hutun dare ɗaya.

Tun daga nan muka buɗe ƙaramin asusu, kowane wata ana zuba abin da ya samu, kuma gida uku ke amfana da shi yanzu. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ake buƙata uku ne: ɗaki, da mutum mai amana da aka koya wa aikin, da kuɗin da ba ya yankewa. Masu raba zakka da masu yin waƙafi, da ƙaramar hukuma, da su Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da suka san kowane gida, in sun haɗa kai wannan bai fi ƙarfinsu ba. Mutanen da suka san gayya a gona ba za a koya musu gayya a jinya ba.

Sai ku, 'yan'uwa marubuta. Sau nawa muka sa nakasasshe a labari, in ba a bakin masallaci da ƙoƙon bara ba? Sau nawa muka shiga da alƙalami cikin gidan, muka ga wadda ke juya shi da tsakar dare? Tana nan a unguwarku. Ku je ku gaishe ta, kuma kafin ku rubuta ta, ku karɓe ta ko da na wuni ɗaya ne.

Allah ya ba mu ikon yi.