Ƴan tsaki da ƴan aji ɗaya

Bara na sayo ƴan tsaki 10 a kasuwar Dungas, na zuba su cikin kajin gidana a Guci. Kafin la'asar tsohuwar kaza ta sassari biyu, suka mutu. Inna ta ce, "Malam, gaggawa ka yi." Muka kife sauran da kwando a tsakar gida, da ruwansu da tsakin gero, manya na ganinsu amma baki ba ya kaiwa. Sai da gashinsu ya cika muka shigar da su akurki cikin dare. Takwas ɗin duk suka rayu.

Bana da aka koma lakwal a Oktoba, na ware wa ƴan aji ɗaya inuwarsu, suna hangen manya, har su saba.