Yaya Ƙarar Kallo Take?

Mai karatu, idan kana bin labaran zane na intanet kamar yadda nake bi a wayata, ka san al'adar masu zane ta rubuta ƙara da manyan haruffa a gefen hoto. Naushi "POW" ne ko "BAM", irin waɗanda shirin Batman na talabijin ya yayata a 1966. Amma a Webtoon, wanda kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya buɗe a 2004, ya kuma fara fitarwa da Ingilishi a 2014, na riƙa cin karo da wani abu daban. Yarinya ta zuba wa saurayi ido, sai a rubuta "STARE" kusa da fuskarta. Wani ya kama hannun wani, sai a rubuta "GRAB". Aikatau ne zalla aka ajiye a gurbin ƙara, alhali kuwa kallo ba ya ƙara.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Koriyanci da Japananci suna da ɗimbin kalmomi masu kwaikwayon yanayin abu, ko da ba a jin sautinsa. A Japananci ana rubuta "jii" don kallon da babu ƙiftawa, da "shiin" don shirun da ya mamaye ɗaki. Ingilishi ba shi da yawan irinsu, saboda haka mai fassara yakan ɗauko aikatau ya cike gurbi. Da babu gara ba daɗi.

Hausa kuwa ba ta cikin wannan talauci, domin tana da amsa-kama. Ni da na koyi Hausa da girmana, babu darasin da ya ba ni wuya kamarsa, babu kuma wanda ya fi shi daɗi. Ta yi masa ƙuri. Ya kama hannunta caraf. Malam ya miƙe zumbur, aji ya yi tsit. Kowace kalma a nan tana nuna abin da ya faru da kuma yadda ya faru.

Abin da nake tsoro shi ne, mafi yawanmu da Ingilishi muke karanta waɗannan labarai. Idan aikin fassara su ya faɗo hannun ɗaliban wannan sashe, da sauƙi mu bi sawun Ingilishi mu rubuta "KALLO" da "KAMAWA", mu aro wa Hausa rashin da ba nata ba. Don haka ina jan hankalin 'yan'uwana ɗalibai: duk wanda ya samu irin wannan aiki, ya fara neman amsa-kama tukuna.